Za su sa wa 'yata allura a jijiya mai bugawa, Mma ta ce ba ta yarda ba

Baban Hafsa, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya san harkar asibiti ya taimake ni yanzu-yanzu. Yau kwananmu uku a asibiti da Hafsa, watanta biyar. Da tari ta fara, sai numfashi ya koma sama-sama, jiya da daddare suka wuce da ita ɗakin yaran da ciwo ya tsananta, suka sa mata na'urar numfashi. Da safen nan likita ya kira ni ya ce za su sa mata wata 'yar roba a wuyan hannu, amma ba irin ta ƙarin ruwa ba ce, wai a jijiyar da ke bugawa za ta shiga. Ya yi mini bayani da Turanci, ya ƙara da yaren Asante, ni kuwa yaren Asanten nawa na ciniki ne a Kejetia. Abin da na kama kawai shi ne ta nan za su riƙa ɗibar jini. Da na gaya wa Mma, kakar Hafsa, sai ta ce yarinyar da duka-duka kilo 6 ce, wane jini gare ta da za a kafa mata famfo? Ta ce kada in kuskura in yarda. Ga roba a ƙafa, ga wata a wuya, yanzu kuma ta uku. Ni kaina ya ɗaure.

Malam Na Sawaba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne gare ku. Muna cikin addu'a.

Kawu Na Alabar:
Ɗana, ka bi a hankali. Maganar tsohuwa ba a jefar da ita. Mu da muka tashi, ƙarin ruwa ɗaya ake sa wa yaro ya miƙe. Yanzu kowace roba da kuɗinta, kowane gwaji da kuɗinsa. Ka tambaye su sidi nawa ne tukuna, a nan za ka gane inda aka dosa.

Anti Nas, Asawase:
Baban Hafsa, sannu, ya mai jiki? Kawu, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Na shekara tara a ɗakin yara irin wannan, bari in faɗi abin da na sani.

Rikicin daga bakinmu ya fara. Mu Hausawa komai jijiya ne: wadda ake ƙarin ruwa jijiya, wadda ke bugawa jijiya, wadda ke riƙe wa tsoho ƙafa ita ma jijiya. To hanyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu komar da jini zuwa zuciya, su ne kake gani kore-kore a bayan hannu, jininsu a hankali yake tafiya, a cikinsu ake sa ruwa da magani. Akwai kuma masu fito da jini daga zuciya, suna can ciki, ba a ganinsu sai dai a ji su. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa. Wannan dal-dal ɗin da kake ji, ita ce za su shiga.

Ba don su ba ta wani abu ba ne. Don su ji labari ne. Robar tana haɗe da wani siririn bututu mai ruwan gishiri, shi kuma yana haɗe da wata 'yar na'ura da ke mayar da bugun ya zama lamba a allon da ke saman gadonta. Duk bugun zuciya ɗaya, sai allon ya nuna ƙarfin jininta a take. Abin awon da ake ɗaurawa a dantse sai bayan mintoci yake ba da lamba, kuma in jinin yaro ya yi ƙasa sosai yakan yi ta hurawa yana saki bai karanta komai ba, ko ya karanta ƙarya.

Baban Hafsa:
Anti, na gode. To batun ɗibar jinin fa? Shi ne ya tsaya wa Mma a rai.

Anti Nas:
Yaron da ke kan na'urar numfashi dole a riƙa duba jininsa, a ga iskar oksijin nawa ta shiga, gurɓatacciyar iska nawa ta taru, jinin ya yi tsami ko bai yi ba. Da wannan ake sanin a ƙara wa na'urar ƙarfi ko a rage. Wata rana sau huɗu, wata rana fiye. In babu robar nan, kowane gwaji sai an soke ta sabo. Ka zaɓa mata: suka ɗaya da za ta zauna, ko suka shida a yini. Abin da ake ɗiba kuma bai kai mililita ɗaya ba a yawancin lokaci, ɗigo kaɗan ne a ƙaramin sirinji.

Maman Khalifa:
Anti Nas, kin faɗi daɗin, ki faɗi ɗacin. Ni an yi wa ɗana yana da wata takwas, ba zan faɗi asibitin ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙe, wani matashin likita ya soki hannun dama sau uku bai samu ba, ya koma na hagu. Kafin babbansu ya zo wuyan hannun ya kumbura ya yi baƙi kamar an daka. Daga baya da suka samu, kwana biyu sai na ga yatsunsa biyu sun yi fari fat, na taɓa na ji sanyi kamar ƙanƙara. Ni na kira nas, ba ita ta gani ba. Suka cire da gudu. Alhamdu lillahi yatsun sun dawo, yau yana aji biyu yana rubutu da hannun. Amma daren nan ban runtsa ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya mini haka na iya faruwa.

Kawu Na Alabar:
To kun ji. Ni ban yi boko ba amma ba a banza na yi furfura ba.

Likitan Barci:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin tiyata na tarar da saƙonni. Ni aikina sa barci ne lokacin aiki, kuma wannan roba da hannuna nake sa ta, manya da yara. Maman Khalifa, abin da kika faɗa gaskiya ne, ba zan kare kowa ba. Ya kamata a ce an gaya miki tun farko.

Bari ku ga wahalar abin. Jijiyar nan a wuyan hannun jariri faɗinta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kamar tsinken tsintsiya. Ba ka ganinta. Kuma tana da rai, tana da tsoka a jikinta: ka taɓa ta da allura ka kuskure, sai ta tsuke bakinta ta ƙi buɗewa. Jinin da ya zubo gefe ya taru ya danne ta, bugun ya ɓace maka. Shi ya sa suka ta farko ita ce mai daraja, ta biyu ta fi ta wuya, ta uku ta fi ta biyu. Wanda ya gwada sau biyu bai samu ba, mutuncinsa shi ne ya ajiye ya kira na gaba da shi. Ni ma an sha kirana, ni ma na sha kira.

Yadda muke yi: a miƙar da hannun a kan ɗan katako mai laushi, a sa naɗaɗɗen ƙyalle ƙarƙashin wuyan hannun ya ɗan lanƙwasa baya kaɗan, ba da yawa ba, in ya yi yawa jijiyar lafewa take yi. A wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ga mai wata biyar, ƙaramar kanula muke ɗauka, wato robar da allurarta, lamba 24, mai ruwan ɗorawa, ko lamba 22, shuɗiya, in yaron ya ɗan tasa. Ana shiga a kwance-kwance. Da ka ga jan jini ya leƙo a gindin allurar, sai ka ƙara kwantar da ita, ka tura robar ita kaɗai ta zame ciki, ka zare ƙarfen. Ƙarfe ba ya zama a jikin yaro, wannan ku gaya wa Mma, don mutane da yawa sun ɗauka allura ce ke kwana a ciki. In robar ta ƙi zamewa akwai wata siririyar waya mai laushi da ake fara zurawa, robar ta bi bayanta, a zare wayar. Dabarar wani likita ce ɗan ƙasar Suwidin, Seldinger, tun 1953, har yau da sunansa ake kiranta.

Dalilin da ya sa muka fi son wuyan hannu: tafin hannu hanya biyu ke kai masa jini, ɗaya ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa, kuma suna haɗuwa a cikin tafin. In ɗaya ta toshe, ɗayar takan ɗauki nauyin. Kamar mai zuwa Tafo ne, in wannan titi ya cushe direban tro-tro ya san ta inda zai zaga. Ta gwiwar hannu ba ta da mataimaka sosai, shi ya sa ake kauce mata in da hali. In hannu ya gagara akwai ta ƙafa, bayan idon sawu ko saman ƙafa, akwai ta matsematsi wadda ta fi girma. Jaririn da aka haifa yau kuwa ta cibiya ake bi, don igiyar cibiya jijiya uku gare ta, biyu masu bugawa ne.

Baban Hafsa, tambaya ɗaya: robar da ke wuyanta, akwai wani magani da ƙaramin inji ke turawa a hankali?

Baban Hafsa:
E Dokta, akwai manyan sirinji guda uku a jikin inji. Na ji nas ta ce ɗaya na ɗaga jini ne, adirenalin ko me.

Likitan Barci:
To ka ga dalilin. Wannan magani ne mai ƙarfi ƙwarai, ɗan ƙari kaɗan jini ya haura, ɗan ragi kaɗan ya faɗi. Ba shi ba tare da ganin ƙarfin jini kowane lokaci ba kamar tuƙi ne da daddare fitila tana kawowa tana ɗaukewa. Ban ga Hafsa ba, waɗanda ke kanta su suka fi ni sanin halinta. Amma da 'yata ce a wannan hali, da na yarda.

Yaya Na Amurka:
Sannunku da gida. Ni nas ne a Niyok, ɗan Yalwa ne ni. Dokta, a nan ba ma sa wa ƙaramin yaro wannan sai da na'urar sikanin. Kana kallon jijiyar a allo, zagayayya tana bugawa, kana kallon bakin allurar har ya shiga. Bincike ya nuna an fi samu a suka ta farko, kuma kumburin jini ya fi ƙaranci. Baban Hafsa ka ce musu lallai sai da sikanin, in babu kada su taɓa ta.

Anti Nas:
Yaya, daga nesa ka iya ba da umarni. Rabin maganarka daidai ne, sikanin ya fi, babu musu. Amma "in babu kada su taɓa ta" fa? Wani lokaci na'urar ɗaya ce, tana ɗakin tiyata, ko kan da ya dace da jarirai ya lalace ana jiran gyara. Yarinya tana kan maganin ɗaga jini sai a zauna jira? Akwai waɗanda suka shekara ashirin suna sawa da yatsa, kuma ga jarirai ƙanana akwai 'yar fitila da ake karawa a bayan hannu, hasken ya ratsa a hango jijiyar. Ya tambaya ko akwai sikanin, wannan haƙƙinsa ne. Kada dai mu tura shi ya je ya yi rigima da masu riƙe da ran 'yarsa.

Yaya Na Amurka:
Na karɓa Anti, bakina ya yi sauri. Amma dai ya tambaya wa zai sa. Wannan ko a Zango ko a Niyok tambaya ce mai kyau.

Likitan Barci:
Wannan kam na sa hannu. Ka tambaya cikin ladabi: wa zai sa, akwai sikanin, kwana nawa kuke sa ran za ta zauna. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan.

Kawu Na Alabar:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa maganar yayata. Jinin yarinyar nawa ne da za a yi ta ɗiba?

Likitan Barci:
Kawu, tambayarka ta fi ta kowa nauyi, kuma Mma ba ta yi kuskure ba. Jariri yana da jini wajen mililita 80 a kowane kilo. Hafsa kilo 6, ka ga wajen 480 ke nan. Ledar fiya wata ɗaya 500 ce. Wato duk jinin jikinta bai cika leda ɗaya ba. Don haka ɗibar da ake yi, ko da kaɗan-kaɗan ce, in ta yi kwanaki tana taruwa, har wani yaron sai an yi masa ƙarin jini. Shi ya sa ake rubuta abin da aka ɗiba, kuma jinin farko da ake ja don share bututun akan mayar mata da shi. Babban haɗarin ma ba gwajin ba ne. In mahaɗin bututun ya kwance ba a gani ba, wannan jijiya ba ɗiga take yi ba, tsartuwa take yi. Saboda haka ba a rufe hannun da zane ko bargo, ko da sanyi ake yi. Dole ya kasance a fili kowa na gani.

Batun kuɗi kuwa, ya tambaya a ba shi rasit, ba laifi. Amma ka sani sa wannan roba wahala ce a gare mu, ba riba ba.

Anti Nas:
Tunda an zo nan, ga abin da nake so Maman Hafsa ta riƙe, don ita ke zaune a gefen gado. Ta riƙa kallon yatsun hannun. Fatarmu baƙa ce, don haka ta dubi farce da cikin tafin hannu, ta gwada da ɗaya hannun. Ta danna farcen ya yi fari ta saki, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku jan ya dawo. In ta ga ya yi fari ya zauna, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sanyi fiye da ɗayan, ko filastar ta jiƙe da jini, ta kira nas a take, kada ta ce bari ta gama abin da take yi. Abin da Maman Khalifa ta yi ke nan, kuma shi ya ceci yatsun ɗanta.

Don Allah kada a sa mata lalle. Na taɓa ganin kaka ta zo dubiya ta shafa wa jika lalle a yatsu wai don sanyin jiki, muka rasa yadda za mu gane launin farcen. In akwai laya ko zare ko murjani a wuyan hannun, a kwance a ba uwar ta ajiye, ko a maƙala a jikin gado.

Na ƙarshe, ba a taɓa yin allurar magani ta wannan roba. Za ku ga an manna mata jan tambari don kada a rikita ta da ta ƙarin ruwa. Magani in ya bi ta nan kai tsaye yatsu zai tafi, yana iya ƙona su. Ruwan gishiri kaɗai ke bi a hankali, sau da yawa da ɗan maganin hana daskarewar jini, don kada ta toshe. In kin ga baƙuwar fuska ta nufo jan tambarin da sirinjin magani, ki yi magana. Ni nas ce, kuma na ce ki yi magana.

Malam Na Sawaba:
Batun laya, a gaya wa Hajiya addu'a ba ta buƙatar sai an ɗaura ta a hannu. Ta tofa mata daga inda take, tana isa. Neman magani kuma umarni ne, ba rashin tawakkali ba.

Baban Ummi, Nima:
Gaisuwa daga Ankara. An yi wa Ummi aikin zuciya a Korle Bu, a cibiyar da Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Ta fito da irin wannan roba a hannun hagu. Abin da ya kusa kashe ni ba robar ba ce, lambar allon ce. Na ga 80 a sama, ni kuma na san ana cewa 120, sai na fita waje na kira gida na ce a fara addu'a. Ashe na yara daban ne. Baban Hafsa kada ka yi irin tawa.

Likitan Barci:
Haka ne. Ga yaron da ya wuce wata ɗaya amma bai kai shekara ba, lambar sama sai ta sauka ƙasa da 70 ake cewa ta yi ƙasa. Kuma 'yar na'urar da ke karantawa dole ta yi daidai da tsayin zuciyar yaron. In ta sauka ko ta hau da santimita 10, lambar takan kauce da wajen 7. Don haka in an ɗaga gado ko an juya ta, lamba ta canza, ƙararrawa ta yi kuka, ba lallai jikinta ne ya canza ba. Kada dai ka gyara da kanka, kira nas.

Baban Hafsa:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Mma duka a waya, na Dokta sau biyu. Da na zo wurin ledar fiya wata sai ta ce "ka ji ko, ai na faɗa." Ta ce tunda likitan ya yarda jinin kaɗan ne, to ya san abin da yake yi. Na koma na tambaya, sun ce babbar likitar ce za ta sa, kuma za su kawo sikanin. Na yarda.

Baban Hafsa:
An sa, hannun hagu. Suka biyu, ta farko ba ta shiga ba. Sun fitar da mu waje, wajen minti ashirin. Yanzu akwai wani jan layi a allo yana hawa yana sauka kamar tudu da kwari, 76 a sama. Maman Hafsa ta kafa kujera a gefen hannun, ko koko da ƙosan da na kawo ba ta taɓa ba.

Maman Khalifa:
Ka ce mata ta ci abinci, mai shayarwa ce, kada nonon ya ɗauke kafin yarinya ta tashi. Ku riƙa karɓa-karɓa. Da dare ne ido ke yaudara, ta roƙi nas ta haska mata yatsun.

Baban Hafsa:
'Yan uwa, yau kwana huɗu da sawa. Jiya suka tsayar da maganin ɗaga jinin, da asuba suka cire na'urar numfashi, ta yi kuka da wata dasasshiyar murya, uwar ma ta fashe da kuka. Ɗazu suka zare robar hannun. Nas ta danne wurin da auduga ta ƙi saki, na duba agogo ya fi minti biyar, ta ce wannan ba a yi mata gaggawa. Wurin ya ɗan yi baƙi kamar ƙwayar gero biyu, yatsun da ɗumi, ta riƙe mini ɗan yatsa da su. Sun ce jininta ya ɗan ragu amma ba sai an ƙara ba, za su ba ta maganin ƙarin jini na sha. Har yanzu akwai oksijin a hanci, ba a sallame mu ba.

Kawu Na Alabar:
Alhamdu lillahi. Rasit ɗin fa, ka karɓa?

Baban Hafsa:
Na karɓa Kawu, yana aljihuna. Mma kuma tana tambaya ko yanzu za a iya mayar da murjanin.

Anti Nas:
A ɗaya hannun. Wancan a bar shi ya huta kwana biyu, kuma a ci gaba da duba yatsun har gobe.